A daina yi wa notin zarto walda

Ni kafinta ne a Matamaye, kuma abin da nake gani a shagunan 'yan'uwana yana damuna. Ƙaramin injin zarto, wanda muke yanka zanen kan gado da shi, yana da notin da ke ɗame bakin zarton. Girgiza tana kwance shi a hankali, zarto ya saki, yanka ya karkace, wani lokaci bakin ya karye kusa da yatsun yaron shago.

Sai maigida ya fusata ya kira mai walda. Wannan ɓarna ce. An yi notin don a riƙa juya shi duk lokacin da aka sauya baki. In ka ƙone shi, da me za ka saita zarton gobe? Masu naɗa masa robar tayar keke ma jinkirta matsalar kawai suke yi.

Gyaran ba wuya. A cire wuta, a kwance notin, a goge garin katako da maiƙon da suka cika zaren ƙarfen. A saita, sannan a ƙara noti na biyu, a ɗaure su gam da juna da sifana biyu. Noti mai roba a ciki ma yana riƙewa. In zaren ya cinye, ƙarfen za a sauya, ko da sai an aika Damagaram ko an sayo daga Kano ta Ɗan Barto.

Kuma a kafe injin kan teburi mai nauyi, domin rawar teburi tana ƙara girgizar.