A Sa Wa Suleja Ranar Gayya

'Yan'uwana ɗalibai, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku game da wata al'ada ta kakanninmu wadda mu ke neman bari ta mutu muna kallo, watau aikin gayya.

Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda a ke yinta. Mai gona ya kan aika wa shugaban samari da goro, a sa rana. Ran nan da sassafe sai ka ji gangar noma, samari su jeru da garemani, makaɗi yana zuga kowa da kirarinsa, mata suna ɗauke da ƙoren fura. Kafin azahar gonar da za ta ci mutum ɗaya mako biyu ta ƙare. Ba a biyan kowa anini, amma kowa ya san ran da tasa ta taso za a zo masa. Haka a ke ɗora jinka, haka a ke gyaran hanyar rafi.

To, me ya hana a yi haka a Suleja yau? Amsar tana cikin tarihin garin. Abu Ja ya kafa shi a 1828, da sunansa kuwa a ka kira shi Abuja. Da Gwamnati ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai garin ya ba da sunansa, ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya hau gado a 1944. Tun da a ka ƙaura daga Ikko a 1991 mutane su ke ta kwararowa, domin haya a Abuja ta fi ƙarfin talaka. Da yawansu kwana kaɗai su ke yi a nan. Su fita da asuba, su komo bayan lisha, maƙwabci bai san sunan maƙwabci ba. Wa za ka aika wa da goro?

Ga kuwa sakamakon. Lambatu sun cika da leda, an yi gine-gine a kan hanyar ruwa, ambaliyar watan Yuli na 2017 ta rushe gidaje ta ci rayuka a garin nan.

Na san wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne, don me mu ke biyan haraji? Yana da gaskiya, kuma kada a daina matsa mata. Babbar kwalbati da motar kwashe shara ba abin da samari za su yi da hannu ba ne. Amma lambatun ƙofar gidanka, in ya toshe, ɗakinka ruwa zai shiga, ba ofishin kowa ba.

Wani kuma zai ce an taɓa gwadawa. I, a 1985 mulkin soja ya kafa ranar tsabta ta wata-wata, da hana fita da tsoron bulala. Abin da ya faru kowa ya gani: ran da mai bulala ya juya baya, tsintsiya ta koma bayan ɗaki. Wannan ba gayya ba ce, ɗan'uwan aikin tilas ne na zamanin Turawa. Gayya da kiɗa a ke yinta, da abinci, da kunyar a ce ba a gan ka ba.

Abin mamaki, ma'aikatan muna da su, ba sai an nemo ba. Ku dubi 'yan agaji ran Idi, na Jama'atu Nasril Islam da na Izala, yadda su ke tsara sahu da motoci cikin rana, ba albashi. Ku dubi Boys' Brigade da 'yan Sikawut, da 'yan Red Cross, da zumuntar mata ta majami'u, da 'yan sintirin da ke tsaron unguwa da dare. Kowace ƙungiya tana da horo, tana da shugaba, tana da kayan sarki. Illa dai kowa a tsakar gidansa ya ke aiki. Ni a Brigade na koyi fareti, amma ban taɓa tsayawa layi ɗaya da ɗan agaji ba, alhali lambatu guda ya ratsa bayan masallaci da bayan majami'a.

Shawarata ita ce a roƙi Mai Martaba Sarki ya sa rana ɗaya a shekara, wata Asabar cikin watan Afrilu kafin ruwa ya kankama, domin Juma'a da Lahadi suna da masu su. Masu unguwanni su raba wa ƙungiyoyi yankuna, a gauraya su da gangan. 'Yan kasuwa su kawo abinci, ƙaramar hukuma ta kawo mota ta kwashe abin da a ka tono a ranar, don in an bar shi a bakin hanya ruwan farko zai mai da shi inda ya fito. Da la'asar a taru a ƙofar fada, makaɗa su yi wa unguwar da ta fi kirari.

Mu kuwa masu koyon malanta, namu ya fi sauƙi. Yaro ya san kowane gida a layinsu ko da ubansa bai sani ba. Kowannenmu da zai fita gwajin koyarwa bana ya sa 'yan ajinsa su zana taswirar unguwarsu, su sa jar alama inda ruwa ke kwanciya, sa'an nan mu tattara taswirorin mu kai wa masu unguwa kafin ƙarshen Maris.