Kura da Fatar Akuya: Muguwar Manhaja da Nauyin da ke Kanmu

Tun da ƙarancin takardun Naira na shekarar 2023 ya auku, manomin Shanono da ya kai gero ko gyaɗa kasuwa ya saba da karɓar kuɗinsa ta waya. Watau rumbunsa ya koma aljihunsa. To, wane ne mai gadin wannan rumbu?

Ɓarawon zamani ba ya haura katanga. Muguwar manhaja yake aikowa, kura da fatar akuya. A 2021 Hukumar Sadarwa ta Nijeriya ta yi gargaɗi a kan FluBot, wadda ke zuwa ta gajeren saƙo, ta sace lambobin sirri na banki, sa'an nan ta aika kanta ga duk wanda ke cikin wayar. A 2022 kuma aka gano Xenomorph a ɓoye cikin wata manhajar share waya mai suna Fast Cleaner.

Masu bincike sukan kama irin wannan manhaja su warware ta zare-zare, tamkar masaƙin da ke warware zane don ya gane saƙarsa. Su kuwa maƙirƙiranta sun san da haka. Saboda haka sukan kulle kalmominta da sirri, su cusa mata umarnin banza don ɓad da sawu. Wata ma in ta ji alamar a ɗakin gwaji take, sai ta yi lambo kamar ba ta san komai ba. Duk da haka ana cin galaba, domin a 2022 'yan sandan ƙasashe da dama suka haɗa kai suka rushe FluBot.

Ra'ayina shi ne, aikin bai ƙare a ɗakin gwaji ba. Gargaɗin da ya tsaya a Turanci bai isa Shanono ba. Ya kamata 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta su koyi wannan warwara, ga shi tun 2019 ake samun manhajar Ghidra kyauta. Mu kuma 'yan sashen Hausa mu ƙirƙiro kalmomin da za su zauna a bakin jama'a, mu kai su gidajen rediyo da majalisun dagatai da ƙofar masallatai, mu ce: kada a taɓa mahaɗin da ba a san mai shi ba.

Su gano cutar, mu yi shela. In kunne ya ji, jiki ya tsira.