Kafin 'Yan Jari Bola Su Auna Tarihinmu Da Kilo

Makon nan a kan ƙarfe za mu yi magana, kuma mun san kafin mu kai tsakiya wasu za su ce me ya haɗa adabi da tsatsa. Su yi haƙuri su karanta har ƙarshe, sannan su zo mu yi ta.

Duk wanda ya saba bin hanyar Tsafe zuwa Gusau har Bunguɗu, ko ya ratsa ƙauyuka irin su Kekun Waje, ya san gawar tarakta in ya gan ta. Tana bayan wata tsohuwar ma'aikata, ko gefen gareji, ko ƙarƙashin dalbejiya a ƙofar gidan wani attajiri da ya daɗe da rasuwa. Tayoyi sun zauna, an kwance lagireto, kaza ta yi wurin ƙwai a ƙarƙashinta, yara na hawa suna murɗa sitiyari suna yin tan-tan-tan da baki. Wata rana sai ka wuce ka ga wurin fayau. 'Yan jari bola sun zo sun daddatsa ta, sun ɗora a sikeli, an biya kuɗin kilo, an loda a mota an kai wa masu narkarwa. Ba wanda ya ɗauki hotonta, ba wanda ya rubuta lambar jikinta, ba wanda ya tambayi wa ya kawo ta, a wace shekara, gonar wa ta fara nomewa.

Ba mu ga laifin ɗan jari bola ba, abincinsa yake nema, kuma bai ɗauki abin da ba a sayar masa ba. Ƙorafinmu yana kan waɗanda suka san darajar abu suka yi shiru, kuma a sahun gaba akwai masu riƙe da alƙalami.

A Ingila da Amurka akwai mutanen da abin sha'awarsu ke nan, su nemo tsohuwar tarakta, babba ko 'yar ƙarama ta aikin lambu, su kwance ta ƙusa-ƙusa, su wanke, su nemo kayan gyara irin nata na asali, su mayar mata da fentin da ta fito da shi daga masana'anta. Sannan su ɗora ta a tirela su kai ta wurin baje kolin tsofaffin injina, inda za a yi fareti da ita, a ɗaura mata garma ta yi noma a gaban jama'a, jika na kallon abin da kakansa ya ci abinci da shi. Wani babban taro irin wannan an fara shi a yankin Doset na Ingila a 1969. Abar ƙaunarsu ita ce wata 'yar tarakta mai ruwan toka ta kamfanin Ferguson, wadda aka riƙa ƙerawa a birnin Kobantiri daga 1946 zuwa 1956, aka yi sama da 500,000. Irinta ce Edmund Hillary ya hau ya ratsa ƙanƙara har ya isa ƙuryar kudancin duniya a watan Janairun 1958. Baturen da ke da irin wannan tarakta zai faɗa maka shekararta, da gonar da ta fara aiki, da hannun mutum nawa ta bi kafin ta zo nasa.

Mun san amsar da ke kan leɓen wasu: wannan ai ƙoshi ne, wanda ya ci ya yi gyatsa shi ke goge tsohon ƙarfe. To, a wurinsu wataƙila haka ne. A wurinmu maganar ta fi ƙarfin wasa. Bature yana gyara tsohuwar tarakta don ya yi ado da ita ranar Lahadi, mu kuwa tsohuwar tarakta in ta tashi gobe da asuba tana gona. Satar shanu ta raba manoma da yawa a Zamfara da shanun huɗa. Darajar naira ta faɗi tun 2023, sabuwar tarakta ta koma ta miliyoyi masu yawa, ba ta ƙaramin manomi ba ce, ba ma ta ƙungiyar ƙauye ba ce. Da ruwan farko ya sauka, mutum nawa ke bin direban tantan guda ɗaya suna roƙon ya zo ya yi musu haro kafin ƙasa ta bushe? A cikin wannan hali ne ake yanka wadda za ta iya tashi ana sayarwa da kilo. In wannan ba wauta ba ce, a faɗa mana sunanta.

Kuma za ta iya tashi, ba tatsuniya muke yi ba. Ku ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka fara fitarwa a 1964, da 'yan uwanta na wancan zamani. Injinta na gas ne mai fistin uku, ƙirar Perkins, babu kwamfuta a jikinta ko ta ƙwaya ɗaya. In fistin ya cinye ana sa wani, bututun da yake zirga-zirga a ciki ma ana zare shi a sa sabo. In iska ta shiga layin mai, direba ya kwance ƙusa ya yi ta buga famfon hannu har kumfa ta ƙare mai ya fito zalla, ya ɗaure ya tayar. In batir ya mutu, a kan gangare ake kwanar da ita, da safe a sake ta ta kama da kanta. Matatar iskar irin waɗannan tsofaffi tana da ɗan kwano na baƙin mai a ƙasa, ƙura ta faɗa ciki ta maƙale, a zubar a zuba wani, kamar don ƙurar hunturunmu aka yi ta. Hikimar da ta ɗaga sunan Harry Ferguson kuwa tana baya, hannuwa uku ne da ke riƙe garma ana ɗaga su da ƙarfin mai, yadda nauyin garmar da turjiyar ƙasa za su koma su danne tayoyin baya. Shi ya sa ƙaramar tarakta ke jan abin da ya fi ta nauyi ba ta tashi sama ta kifa kan direba ba. Duk wannan bakanike mai sifana da haƙuri yana iya gane shi a ƙarƙashin bishiya. Abin da ya gagara a samu a Gusau, a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Fanteka ta Kaduna za a samu, ko a ƙera.

Ku kwatanta da sabuwar ƙira. A Amurka kanta manoma sun daɗe suna rigima da kamfanin John Deere saboda sababbin taraktocinsa suna kulle da kwamfuta, wasu gyare-gyaren ba mai iya yi sai wakilin kamfani ya zo da na'urarsa. Har ta kai a watan Janairun 2025 hukumar kula da kasuwanci ta gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu kan wannan. Manoman can da dama sun koma farautar taraktocin shekarun 1970 da 1980 a wuraren gwanjo, don su ne waɗanda mutum zai gyara da hannunsa. Indiya da Pakistan kuwa tuntuni suka riƙe tsohuwar ƙirar Ferguson suna yin ta a gida, kamfanin TAFE a Indiya, kamfanin Millat a Pakistan. Jar tarakta da yawa da ake kawo mana da sunan sabuwa daga can take, wato jikar waccan da muka bar wa kaji.

Mu ma an taɓa haɗa tarakta a ƙasar nan, Steyr a Bauchi, Fiat a Kano. Duk sun durƙushe. Yaro ɗan shekara ashirin a Bunguɗu bai ma san an yi ba, kuma ba laifinsa ba ne, a ina zai karanta?

Nan ne maganar ta zo kan marubuta. Kowace gawar tarakta da ke kwance a yankin nan shaida ce a kan wani zamani. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Gusau da kuɗin Bankin Duniya, tare da na Funtuwa da na Gombe, su ne na farko a Nijeriya. A 1976 Obasanjo ya kawo shirin ciyar da ƙasa, a 1980 Shagari ya kawo nasa shirin bunƙasa noma. A 1978 aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina, manyan injina suka baje gonakin mutane, a 1980 manoman da suka tashi neman haƙƙinsu aka tura musu 'yan sanda aka kashe da yawa. A 1996 aka yi jihar Zamfara, ta ɗauki kirarin noma abin alfaharinta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya zo da ƙarfensa. Kuma tun daga wancan lokaci salon bai sauya ba a faɗin ƙasar nan: a jera sababbin taraktoci a fili, a ɗaura musu ƙyalle, a yi jawabi, a yanke ƙyalle, a tafa. Bayan damina uku ko huɗu sai ka tarar da rabinsu a kan duwatsu saboda abin da bai kai kuɗin shinkafar ranar bikin ba. Sai a sake yin odar wasu. Ranar yanke ƙyalle akwai mai ɗaukar hoto da ɗan jarida, ranar da tarakta ta mutu babu kowa. In ɗan jari bola ya kwashe gawar, ya kwashe hujjar da za a tuhumi wani da ita. Wa kuke jin ya fi kowa murna da hakan?

To ina wannan duka a cikin abin da ake rubutawa? Ku duba labaran da ke yawo a wayoyinmu. Mota akwai ta, Prado ce ko Marsandi, an faɗi launinta da ƙamshin cikinta da yadda maigadi ya wangale ƙofa. Amma in labari ya je ƙauye sai a ce "ya tafi gona" a wuce, kamar gona wani ɗaki ne da babu komai a ciki. Ba mu da faɗa da labarin soyayya, mu ma muna karantawa. Sai dai direban tantan ma yana soyayya, kuma a farkon damina babu saurayin da ya kai shi farin jini a ƙauye. Mutum ne da dagaci ke aika masa da goro, wanda ke kwana a gona da fitilar gaba guda ɗaya, wanda ya san ƙasar kowa, ta wane jigawa ce ta wane laka ce, wanda ke ɗauko amarya da kayan ɗakinta a tirela in rani ya yi. Yana da yaron mota mai burin ranar da za a ba shi sitiyari. Yana da uban gida mai lissafin gas da kwalba. Yau kuma yana da tsoron da kakanninsa ba su sani ba, na iya inda zai kai a daji ya dawo. Wanda ya rasa labari a jikin wannan mutum, ba labari ne ya yi ƙaranci ba.

Akwai kuma maganar harshe, wadda ta fi shafarmu kai tsaye. Sunan tantan kansa kunnen Bahaushe ne ya raɗa shi daga ƙarar inji. Haro, rija, lagireto, kuloci, duk baƙi ne da suka shigo suka zauna suka zama 'yan gida a bakin makanikai da direbobi. Akwai wasu da yawa da ba su taɓa hawa takarda ba, suna bakin dattawan da suka yi aiki da waɗannan injina tun suna samari. Marubucin da bai san sunan sassan abu ba, ba zai iya sa mai karatu ya gan shi ba, sai dai ya yi ta zuba "wani irin" da "mai ban mamaki" har shafi ya cika.

Saura masu cewa ana ta rai wa ke ta tsohon ƙarfe. Wannan magana tana da nauyi, ba za mu yi mata dariya ba. Mutanen Kekun Waje da ƙauyukan Tsafe sun fi mu sanin abin da ake nufi da noma a ƙarƙashin bindiga, akwai inda sai an biya 'yan ta'adda kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Amma ku lura, wannan halin ne ma ke hanzarta asarar. Wanda ya bar ƙauyensa ya dawo gari ba ya tahowa da injin niƙa, sayar da shi yake yi ko nawa aka taya. Tsofaffin injinan Lista masu babbar ƙafa da suka shekara da shekaru suna niƙa wa gari hatsi, haka suke tafiya ɗaya bayan ɗaya. Dattijon da ya san tarihinsu yana zaune a gidan haya a Gusau ba mai tambayarsa komai. In an ce a jira sai zaman lafiya ya dawo, za a dawo a tarar babu ƙarfen, babu mai ba da labarinsa.

Ba mu ce kowa ya sayi tarakta ba, mun san aljihun marubuci. Abin da muke nema ba ya cin kuɗi. Akwai ɗan farantin ƙarfe da ake mannawa a jikin tarakta, galibi kusa da sitiyari, mai ɗauke da ƙirarta da lambarta, da wannan lamba ake gano shekarar da aka yi ta. Wanda ke da irin wannan gawa a unguwarsu, inda babu haɗari, ya nemi izinin mai ita, ya goge farantin, ya ɗauki hoto. Ya nemi wanda ya tuƙa ta ya gaishe shi da ladabi, ya ce Baba, a ba mu labarin motar nan, ya kunna waya ya yi shiru. Ya tambayi bakanike gaskiyar abin da ya kashe ta da abin da zai tayar da ita, ya rubuta da kalmomin bakaniken, kada ya gyara masa baki.

Masu shirya bukukuwan nuna amfanin gona kuma, a jiha ko a ƙaramar hukuma, muna da buƙata a wurinsu. A gefen rumfar masu tallar sabuwar tarakta a ware fili ga tsofaffi masu rai. A kira makanikan Gusau da Tsafe da Bunguɗu kowa ya zo da wadda ya tayar, a ɗaura musu rija su ja kunya a gaban jama'a, a ga ta wa ta fi miƙewa. A ajiye garmar shanu da injin Lista kusa da su. Kyautar da za a bayar kada a ba mai tarakta, a ba wanda ya kwanta a ƙarƙashinta. Wanda ya fara kawo mana hoton faranti da labarin direba, nasa za mu maƙala a sama mako mai zuwa.