Kada Mu Narkar da Tarihinmu

A gidaje da yawa na garin Mubi, idan aka buɗe adakar kaka, akan tarar da tsofaffin kuɗin azurfa ƙulle a cikin tsumma. Sau da yawa magada kan kai su wurin maƙeri a narkar, a yi zobe ko munduwa. A ganina wannan asara ce babba, kuma ya kamata mu daina.

Dalilina na farko shi ne, waɗannan kuɗi shaidu ne na tarihi. Mubi ta kasance a hannun Jamusawa kafin Turawan Ingila su karɓe ta a lokacin Yaƙin Duniya na Farko. A shekarar 1912 Ingila ta kafa hukumar buga kuɗi domin ƙasashenta na Afirka ta Yamma, kuma a 1913 aka fara fitar da kuɗin azurfa masu ɗauke da kan Sarki George na Biyar. Akwai fataka, wato sule biyu, da sule, da sisi, da taro. A bayan sule da fataka an zana bishiyar kwakwa. Daga 1920 azurfa ta yi tsada, sai aka koma buga su da wani ƙarfe mai araha. Saboda haka sulen azurfa na gaskiya ba shi da yawa, kuma wanda aka narkar ba ya dawowa.

Dalili na biyu ya shafi harshe. Har yau mutum yakan ce, "Ba ni da ko sisi." Amma tun da naira ta maye gurbin fam a 1973, yara da yawa ba su taɓa ganin sisi ba, ba su kuma san kwabo shida ne ba. Gani ya kori ji.

Wasu za su ce kuɗin mulkin mallaka ne, da su aka tilasta wa kakanninmu biyan haraji. Gaskiya ne. Amma wannan ma dalili ne na adana su, domin su tuna mana wahalar da aka sha. Wasu kuma za su ce iyali na bukatar kuɗi. To, a sani cewa maƙeri nauyin azurfa kawai yake saye, ba ruwansa da shekara ko labari.

Me ɗalibi zai iya yi? Ka nemi izinin iyayenka, ka ɗauki kowane sule ka rubuta shekararsa, da sunan sarkin da ke kansa, da zanen bayansa. Kada ka goge shi da toka ko yashi, domin rubutun zai shafe. Sannan ka tambayi kakarka yadda ya zo hannunta: sadaki ne, ko kuɗin gyaɗa, ko gado? Ka rubuta amsarta tun tana raye.

Idan kowane aji a Mubi ya yi haka, makarantunmu za su mallaki littafin tarihin da babu irinsa a kasuwa.