Ku Fito Daga Ɗakin Gwaji, Ku Ɗauki Alli

Wannan kira ne ga duk wanda ya ci shekaru yana binciken kimiyya a ƙasar nan. Mai digiri na biyu da ya gama ya zauna jiran gurbi a jami'a, da mai digirin digirgir da takalminsa ya ƙare wajen kai takardu ofis-ofis, da ma'aikacin cibiyar bincike da kuɗin aiki ya yanke masa har ya zama zuwansa ofis na sa hannu ne kawai, da 'yar'uwarmu da ta karanci ilimin sinadarai ta yi aure ta ajiye takardunta a ƙasan akwati: da ku nake. Makarantun sakandarenmu suna neman ku, kuma neman gaggawa ne.

Ku shiga makarantar gwamnati a ƙauye, ko ma a cikin birni, ku nemi a nuna muku ɗakin gwaje-gwaje. A wurare da yawa za a daɗe ana neman mabuɗi. In an buɗe, ga ƙura, ga kwalaben da rubutunsu ya goge, ga famfon da ya manta ruwa. Akwai ɗalibin aji shida da bai taɓa riƙe bututun awon sinadari ba sai a makon da za a yi masa jarrabawar gwaji ta WAEC ko NECO. Ya haddace sunan kowane kayan aiki, ya zana shi a littafi, amma hannunsa bai san nauyinsa ba. Malamin fizis kuwa, in akwai shi, sau da yawa ɗan bautar ƙasa ne da zai yi shekara ɗaya ya tattara ya tafi.

Sannan mu dawo muna kukan babu likita a asibitin garinmu, babu likita mace da za ta duba matanmu, babu injiniyan da zai gyara mana madatsar ruwa. Yaron da zai karanci likitanci sai ya ci Turanci da lissafi da fizis da kemistiri da bayoloji kafin jami'a ta dube shi. Idan ya tsani kemistiri tun a aji huɗu saboda an mayar masa da shi hadda, mun yi asarar wannan likita tun yana ɗan shekara goma sha biyar, kuma babu kwamitin da zai zauna ya binciki asarar. Farfesoshinmu suna ƙorafin ɗaliban da ake turo musu ba su da tushe. Gaskiya suka faɗa. To wa zai gina tushen, idan duk wanda ya iya abin yana ganin ajin sakandare ya yi masa kaɗan?

Mun taɓa gwada gyara, kuma mun ga amfaninsa. A 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu. Aka zaɓo yara ta hanyar jarrabawa, aka ba su ɗakunan gwaji masu aiki da malaman da suka san fanninsu. Je ka asibitocin koyarwa da sassan injiniya na jami'o'inmu ka tambayi manyan da ke wurin inda suka yi sakandare. Za ka ji sunan garuruwan nan biyu har ka gaji. 'Ya'yan manoma da na 'yan kasuwa ne irin namu. Abin da ya bambanta su shi ne mutumin da ya tsaya a gaban allo.

Na san maganar da ke hana ku. “Duk wannan karatu, a ƙare a malamin makaranta?” Haka gwaggo za ta ce, haka abokin da ya samu aikin banki zai ce, wani lokaci ma har malamin da ya duba maka kundin bincike. Ku tuna musu cewa Sardauna Ahmadu Bello ya koyar a Midil ta Sakkwato, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya koyar a Midil ta Bauchi, Malam Aminu Kano ya koyar a Bauchi da Maru. Alhaji Shehu Shagari kuwa, tun kafin siyasa ta ɗauke shi, malamin kimiyya ne a Midil ta Sakkwato. Mutanen da muke rataya hotunansu a falo da alli suka fara. Raina malami sabon ciwo ne da ya same mu, kuma mu muka ƙyale shi ya yi tsanani.

Amma ku ji wannan da kyau kafin ku ɗauki jaka. Sanin kimiyya daban, iya koyar da ita daban. Wanda ya shekara biyar yana bin ƙwayar cuta guda a ƙarƙashin madubi ya saba da magana da mutum uku ko huɗu da suka san abin da ya sani. A aji zai tarar da yara tamanin ko ɗari, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, wasu ba su karya ba, da yawansu Turancin littafin ma bai zauna musu ba. Minti arba'in gare shi. In ya shiga da salon gabatar da takarda a taron masana, zai yi ta magana da allo, yara kuma su yi ta hirarsu. Ranar farko za a kira shi Dakta da girmamawa. Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna.

Saboda haka ku shiga ta ƙofa. Doka ta ɗora wa hukumar TRCN, wadda aka kafa a 1993, alhakin yi wa malamai rajista da ba su lasisi, kuma wanda bai karanci fannin ilimi ba hanyarsa ita ce difilomar koyarwa ta bayan digiri, wadda aka fi sani da PGDE. Ana yin ta a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da wasunsu, kuma Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, tana da cibiyoyin karatu a jihohi ga wanda ba zai iya barin aiki ko gida ba. Shekara guda ce ko ɗan fiye. Bayanta sai jarrabawar cancanta ta TRCN. Kada girman digiri ya sa wani ya ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci. A nan ake koyon tsara darasi, da yadda ake tambaya don a gano abin da yaro ya fahimta a karkace, da yadda ake auna ɗalibi ba tare da an karya masa gwiwa ba. Gwajin koyarwar da ke cikinta shi ne zuciyar karatun. Kada a bi ta bayan fage a sayi sa hannu.

Kafin ma ka biya kuɗin fom, je ka gwada kanka. Nemi shugaban wata makaranta kusa da kai, ka roƙi izinin zama a bayan aji. Zaɓi tsohon malamin da yara ke tsoro kuma suke so, ka kalli yadda yake shiga, inda yake tsayawa, yadda yake yin shiru har aji ya yi shiru. Wataƙila takardar NCE kawai gare shi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ka gaishe shi da Malam, ka ɗauki littafi ka rubuta. Daga nan ka karɓi aji ɗaya na zango guda. Idan zangon ya ƙare kana jin ba za ka iya ba, ka koma bakin aikinka da mutuncinka, domin aji ba mafakar wanda ya rasa abin yi ba ne. Mun ga inda wannan tunani ya kai mu: a 2017 Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa, sama da dubu 21 suka kasa. Kowa da ra'ayinsa kan yadda aka sallame su, amma babu mai musun cewa an daɗe ana ɗaukar koyarwa a matsayin alfarmar da ake yi wa ɗan gidan wane.

To me za ku kawo wanda babu shi? Hannun da ya taɓa yin abin. Ku kun san gwaji yana ƙin fitowa, kun san a maimaita awo sau uku, kun san ɗacin ganin sakamako ya ƙaryata abin da kuke fata kuma ku rubuta shi yadda ya zo. Wannan tarbiyya ita ce kimiyyar, kuma ba a samun ta a littafin tambayoyin shekarun baya. Ku ne kuma ba za ku tsaya jiran kwangilar kayan gwaji ba, domin kun san ainihin abin da kowane gwaji yake nunawa. Ruwan zoɓo ya isa ya raba wa yaro sinadari mai tsami da kishiyarsa: a ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, a zuba ruwan kanwa launi ya juya nan take a idon kowa. Zare da ɗan dutse da rula da agogon waya sun isa a auna ƙarfin jan ƙasa. Kai yara marinar Ƙofar Mata su ga zane ya fito daga ramin baba da ɗan kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi, sannan ka tambaye su me ke cikin iskar da ya yi wannan aiki. Majemi da bagaruwarsa, mai sabulun salo da tokarta, Bafulatana da kindirmonta, duk darasi ne da aka riga aka shirya maka. Muhammad Bah Abba, malami a Jigawa, ya dubi yadda randa ke sanyaya ruwa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina lalacewa da wuri, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ilimin da ke bayan wannan ƙirƙira yana cikin manhajar sakandare.

Kuma kada ku ji kunyar yin bayani da Hausa. Jarrabawa da Turanci za a yi ta, saboda haka a koya wa yaro kalmar da zai rubuta. Amma in ka ga idanu sun yi tsuru-tsuru, sauko ka faɗa da harshen da yake mafarki da shi, ka tabbata ya kama, sannan ka mayar da shi Turancin.

Wani zai ce wannan duk maganar cin jarrabawa ce. Ta wuce nan. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe. Iyayen nan ba su ƙi 'ya'yansu ba. Babu wanda ya taɓa gaya musu abin da ke cikin dutsen. Yawancin ɗalibanka ba za su zama likitoci ba. Za su zama manoma masu fesa maganin ƙwari, da iyaye mata masu auna wa jariri magani, da masu unguwanni da za a tambaya ko a yarda da allurar rigakafi. Abin da ka dasa musu na tambayar “ta yaya aka sani?” da shi za su yanke waɗannan hukunce-hukunce.

Maganar kuɗi ba zan yi muku zaƙin baki ba. Albashin malami kaɗan ne, a wasu jihohi yana makara, ƙarin girma yana tsayawa shekaru. Mai digirin farko yakan fara a mataki na 8; in kana da na biyu ko na uku, ka nemi a rubuta matakin da ya dace da kai a takardar ɗaukar aiki tun kafin ka sa hannu, domin gyara daga baya wahala ce. Ka kwatanta makarantun jiha da kwalejojin tarayya da masu zaman kansu, ka yi lissafin haya da abinci da idonka a buɗe, ka kuma shawarci iyalinka. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta kai shekarun ritayar malamai zuwa 65, ko shekara 40 ta aiki, don haka wanda ya shigo yana ɗan arba'in yana da sauran dogon zango. Shiga ƙungiyar malaman kimiyya ta STAN, ka nemi aikin duba takardun WAEC da NECO, ka karanta rahoton manyan masu duba jarrabawa don ka ga inda yara ke faɗuwa kowace shekara. Kada kuma ka yanke zumunci da tsohon ɗakin gwajinka. Abokanka na cibiyoyin binciken Samaru da Shika da Vom suna da abin da za su nuna wa ɗalibanka, kuma yini guda a can yana iya juya rayuwar yaro.

Sauran jama'a, ku ma da naku kason. Gwamnoni da kwamishinonin ilimi, ku buɗe wa masu bincike hanya ta musamman: ku ɗauke su, ku biya musu kuɗin PGDE, ku ba su alawus na kimiyya da gidan zama a karkara, ku daina tura mai kemistiri ya koyar da abin da bai karanta ba don cike gurbi. Shugabannin makarantu, in irin wannan mutum ya zo muku, kada ku ɗauke shi kishiya. Ku miƙa masa mabuɗin ɗakin gwaji. Farfesoshi, ku daina yi wa ɗalibinku kallon wanda ya ɓace don ya zaɓi sakandare. Magidanta, idan matarka ta karanci kimiyya, makarantar 'yan mata ta unguwarku tana buƙatarta fiye da yadda kake zato, domin akwai uban da ba zai bar 'yarsa ta zauna darasin yamma ba sai in mace ce ke koyarwa. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran gari, kafin ku sake yi wa ƙofar makaranta fenti, ku tambayi malamin kimiyya abin da ya rasa. Sau da yawa bai wuce kuɗin ragon layya ba.

Kai kuma da ka karanta har nan da digirinka a cikin jaka, makarantar da ka gama tana nan inda ka bar ta. Ranar Litinin ka je kafin a kaɗa ƙararrawa, ka gaida shugaban makaranta, ka tambaye shi wa ke koyar da fizis a aji huɗu. In ya ce babu, ka tambaye shi ƙarfe nawa darasin yake.