Hutun da Ke Cutar da Dattijo

Daga Machina zuwa Nguru da Gashuwa, da wuya a rasa unguwar da ke da dattijon da kowa ya san larurarsa amma ba a kiran sunanta. Sai dai a ce "ciwon nasa ya motsa". In ya motsa, kwanaki barci ba ya ɗaukarsa, baki ba ya hutawa, ya kai awaki kasuwa ya rabar da kuɗin a hanya. Wani jiƙon kuma ya shige ɗaki makonni, ko amsa gaisuwa nauyi take masa. Likitoci na kiranta bayifola, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 40 ke ɗauke da ita a 2019.

Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne abin da ke biyo baya, bayan magani ya kama, mutum ya dawo hayyacinsa. 'Ya'ya sun karɓe mabuɗin shago da kuɗin cefane. An daina shawara da shi, ko a kan auren jikarsa. Da ya yunƙura sai a ce, "Baba, ku zauna ku huta, za mu yi." Tausayi ne, da tsoron kada abin bara ya maimaitu, kuma duk wanda ya taɓa jinyar irin wannan ciwo ba zai ga laifinsu ba. Sai dai bincike ya nuna ko a lokacin da ciwon ya lafa, da yawa daga masu shi na fama da mantuwa, da wuyar tattara hankali, da kasa tsara aiki daki-daki, kuma sun fi sauran jama'a haɗarin gigin tsufa. To, mai wannan rauni muka ajiye a zaure daga safe zuwa magariba ba abin yi. Fartanyar da aka jingine tsatsa take yi.

A Landan, a 2003, Aimee Spector da abokan aikinta sun gwada wani tsari na motsa ƙwaƙwalwar masu gigin tsufa: zama 14, sau biyu a mako, minti 45 kowanne, cikin ƙaramin rukuni. Hirar ƙuruciya ake yi, da ta abinci, da farashin kaya, da waƙoƙi, ba wanda ake ƙurewa da tambaya. An samu ci gaba, har daga baya aka daidaita tsarin da al'adunmu aka gwada shi a Lalupon, kusa da Ibadan. Don masu bayifola kuwa, likitocin Basalona a Sifaniya sun gwada horo na mako 21, sakamakon ya fito a 2013: mutanen sun fi iya tafiyar da harkokinsu na yau da kullum, ko da yake akasarinsu ba tsofaffi ba ne.

Kayan aikin duk muna da su a ƙofar gida. Dubi masu dara a gindin bishiya: gurabu 30 a cikin rairayi, kowa da 'ya'yansa 12, wannan tsinke wancan tsakuwa. Kafin dattijo ya ɗaga ɗa guda sai ya hango inda abokinsa zai tare shi, ya tuna tarkon da aka yi masa jiya, ya danne zuciyarsa kada ya yi gaggawa. Abubuwan da ciwon ke raunanawa ke nan. Haka tilawa, idan jika na riƙe da allo Kaka na gyara masa. Haka tsohuwar da ke saƙar kaba tana ƙirga launuka. A mayar wa Baba lissafin buhunan gero, ko da kuɗin na hannun ɗansa. A tambayi mutumin Nguru yadda tasha take zamanin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa, a kuma tsaya a saurari amsar.

Amma da awo. Rashin barci na daga manyan abubuwan da ke tayar da wannan ciwo, don haka hantsi ya fi dacewa, ban da hirar dare da shayi mai kauri. In aka ga magana ta fara gudu, barci ya ragu, a sassauta a nemi likita.

Kuma dara ba ta maye gurbin magani. Nan ne hankalina ya fi tashi saboda yankinmu. Litiyam, da ake ba masu wannan ciwo tun bayan gwajin John Cade a 1949, ta ƙoda yake fita, ga shi Gashuwa ta daɗe tana kuka da ciwon ƙoda. Zafin bazara, da gudawa, da azumi ba tare da shawarar likita ba, duk suna iya tara maganin a jini. Dattijon da ke shan sa, in ya ruɗe farat ɗaya, hannu na karkarwa, yana tangaɗi, kada a ce tsufa ne ko iska, a garzaya da shi asibiti.

Maiduguri, inda babban asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yake, ta yi wa mutumin Machina nisa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta ba mai larura haƙƙin a dama da shi a sha'anin jinyarsa. Ina roƙon gwamnatin Yobe da Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su riƙa haɗa irin wancan zama na motsa ƙwaƙwalwa, na maza daban na mata daban, a haɗa shi da ranar awon ƙoda da karɓar magani, don iyali su biya kuɗin mota sau ɗaya.