Tarwadar kogi ita ce irin shukarmu

Duk manomi ya san ba a cinye iri. Ko yunwa ta kai ina, damin da aka ware don shuka yana nan a rumbu. Abin da ke damuna shi ne ba ma kallon tarwadar kogi da wannan idon.

A kasuwa kamanninta ɗaya, amma a jini ba haka ba ne. Masu nazarin ƙwayoyin gado sun nuna cewa tarwadar yankinmu ta bambanta da ta gabashi da kudancin Afirka. Kowace ta daɗe tana jure zafin ruwanta da cututtukan wurinta, tana gadar wa 'ya'yanta wannan juriyar.

Yanzu mu leƙa gidan ƙyanƙyasa. Macen ana yi mata allura, irin su Ovaprim, a matso ƙwai dubbai daga cikinta. Namiji kuwa ba ya matsuwa, sai an farke shi an ciro abin da za a barbara ƙwan da shi. Saboda haka mai gona yakan taƙaita da namiji ɗaya ko biyu. Kududdufi guda sai ya cika da 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, a cikinsu kuma za a zaɓi iyayen baɗi. Bayan 'yan shekaru sai ka ji ana kukan kifi ba ya girma, ƙanana na mutuwa, wasu na fitowa a karkace. Maganin shi ne sabon jini, kuma a kogi ake samunsa.

To kogin fa? Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shiga fadamun Haɗeja da Nguru ta ragu, alhali a irin wannan ruwan damina tarwada ke zuba ƙwai. Ga kifin gona da ke tserewa lokacin ambaliya, har da ruwa-biyun tarwada da ramboshi, yana cuɗanya da na kogi.

Ina roƙon cibiyar binciken kifi ta New Bussa ta ajiye iyayen kifi na kowane kogi daban, na Kwara daban, na Komadugu Yobe daban. Sarakunan ruwa kuma a mara musu baya su hana kamun kifi a wuraren haihuwa da damina. Mutanen Argungu sun daɗe suna tsare kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi, kuma kowa na ganin girman kifin da ake fitarwa.